Inda Kawu Ottie Ya Zaɓi Ya Tsaya

A filin kurket na ƙauyenmu, Ashby Hill, inda ake wasan nan na jifan ƙwallo da bugunsa da sanda, mai jifa ba ya tambayar inda zai tsaya. In ya gama jifansa shida, sai ya karɓi hularsa a hannun alƙalin wasa, ya taka zuwa bakin iyaka, can gindin tsamiya, ya huta kafin a sake miƙa masa ƙwallo. Wurin akwai inuwa, kuma ƙwallo bai cika zuwa can ba. Haka aka tarar ana yi tun kafin a haifi mahaifiyata.

A gindin tsamiyar akwai benci, a kan bencin akwai tsofaffi, a ƙarƙashinsa kuma akwai kwalbar giyar rake cikin jakar takarda. Duk mai jifan da ya fitar da mai bugu, misali ya tuge turakun da yake karewa a bayansa, in ya dawo hutawa, sai a tsiyaya masa cikin murfin kwalbar, a miƙa masa ta saman igiyar iyaka. Mutum ɗaya, murfi ɗaya. Ba wanda ke ɗaukar wannan shan giya. Karramawa ce.

Kawuna Othniel Belgrave, ƙanin mahaifiyata, wanda kowa ke kira Ottie, ya sha murfinsa na farko yana ɗan shekara goma sha shida. Ran nan mutum shida ya fitar. Mama ta ce a kafaɗa aka kawo shi gida, rabi don murna, rabi don ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa.

Ni ina rarrafe a lokacin. Abin da na gani daga baya, na gan shi ne ta tagar kicin ɗin kulob, inda nake taya Mama soya ƙosan kifi da haɗa shayin 'yan wasa kowace Asabar. Ko da na gama jami'a na samu aiki a Bridgetown, babban birnin tsibirinmu, ban daina ba. Tagar tana kallon filin gaba ɗaya, kuma ba mai sa ni magana a wurin.

Kawu Ottie dogo ne, hannayensa har kusan gwiwa. In zai yi jifa ba ya farawa da gudu. Sai ya taho a hankali kamar wanda aka aika sayen burodi, sannan ƙafafun su buɗe, kafin ka ankara ƙwallon ya bar hannunsa. Masu bugu da yawa sun rantse ba su gan shi ba, ƙarar turakun da ke bayansu kawai suka ji. Wasu kuma a haƙarƙari suka ji shi.

Yana ɗan ashirin da biyu wani kulob a arewacin Ingila ya ɗauke shi, ana biyansa ya yi musu jifa. Rabin ƙauye ne ya raka shi filin jirgi. Bayan kakar wasa biyu ya dawo shi kaɗai da jakarsa. In ka tambaye shi, sanyi ne ya kore shi. In ka tambayi Carlisle Forde, abokinsa tun firamare, wanda yake da ɗan'uwa a can, sai ya ce maka Ottie ya taɓa zuwa fili an riga an fara wasa, da kayan jiya a jikinsa, ya fitar da mutum biyar, da shugaban kulob ya yi masa faɗa kuma ya ce masa ya je ya kula da tumakinsa. Suka yi ta haƙuri har haƙurin ya ƙare.

A gida ma masu zaɓen 'yan wasan tsibiri sun gwada shi. Ya yi ta makara wajen atisaye, ran da aka yi masa magana ya tambayi mai horarwa, a gaban kowa, ko mutum nawa ya taɓa fitarwa a rayuwarsa. Jarida ta rubuta cewa baiwa kam akwai, hali ne babu. Ba a sake kiransa ba. Ya koma fentin gidaje Litinin zuwa Juma'a, Asabar ya yi wa Ashby Hill jifa.

Abin da ya rikita kowa shi ne, a buge ma jifan bai ɓaci ba. A shagon giyar Mis Ione, in maza suna buga wasan domino a kan tebur kamar za su fasa shi, labarinsa suke yi. Ranar da aka same shi yana barci cikin ciyawa lokacin shan shayi, aka watsa masa ruwa, ya tashi ya share mutum bakwai. Ranar da ya tambayi alƙali wace ce daga cikin sandunan nan biyu ta gaske, alhali sanda ɗaya mai bugu ke riƙe da ita. Ana ba da labaran ana dariya har da hawaye. Mama ce kaɗai ba ta dariya, don ita ke wanke rigunan.

Bara, lokacin yankan rake, ya faɗo daga tsani yana fentin bangon coci, ya yi aman jini. Ya daɗe a asibiti. Da aka sallame shi ya dawo gidanmu, wuyansa ya zama kamar na kaza, wandonsa sai da igiya. Likita ya gaya masa, a gaban Mama, cewa hantarsa ta kai iyakarta. In ya koma, ba za a sake sallamarsa da ƙafafunsa ba.

Bai yi wa kowa alkawari ba, bai tashi a coci ya ba da shaida ba. Ya daina kawai. Ya koma shan mobi, jiƙon ɓawon itacen nan mai ɗaci, kofi bayan kofi, yana ɓata fuska yana zagin wanda ya ƙirƙiro shi. Da sabuwar kaka ta zo ya ɗauko farin kayansa, ya sa aka rage masa su, ya tafi atisaye yana da shekara talatin da takwas. Mama ta ce masa ya bari.

"Verna, an karɓe mini ɗaya," ya ce mata. "Ɗayan kuma sai dai a ƙwace."

Wasan farko na kakar, Carlisle, wanda shi ne kyaftin yanzu, ya miƙa masa sabon ƙwallo. Jifan bai kai na da ba, kowa ya gani, amma bai daɗe ba ya tuge turken wani mai bugu. Ya karɓi hularsa ya nufi tsamiya. Ni ke kai wa na bakin iyaka ruwa, don haka ina kusa.

Mista Grantley Inniss, tsohon kwandastan bas, shi ke riƙe da kwalba, har ya cika murfin. Shi ne ya ba Kawu murfin farko tun can, kuma har yau yana faɗin haka kamar wanda ya yi masa baftisma.

"Ottie! Zo nan, ɗana, zo ka karɓi haƙƙinka."

"Na gode, Mista Grantley. Na bari."

"Ka bar me?"

"Ka sani."

"Wa ya ce maka giya ce wannan? Murfi ne fa. Ko ƙuda ya faɗa ciki ba zai nutse ba."

Tsofaffi suka kwashe da dariya. Kawu ya juya musu baya, ya fuskanci fili, ya dafa gwiwoyinsa.

"Likita ya hana," ya ce, bai waiwayo ba.

"Wane likita? Yaron nan? Na san uwarsa, kifi take sayarwa a Speightstown. Ya taɓa riƙe ƙwallo a rayuwarsa?"

Mista Grantley bai mayar da giyar cikin kwalba ba. Wai ba a mayarwa. Ya ajiye murfin a kan turken igiya, daidai bayan Kawu, ya ce yana nan yana jiransa. Haka murfin ya zauna a wurin duk yinin, rana tana dukansa. Da na miƙa wa Kawu ruwa, sai da ya kama kofin da hannu biyu. Daga nan jifansa ya watse, ɗaya dama ɗaya hagu, masu bugu suka yi ta aika shi cikin gonar rake.

"Kun gani ko?" in ji wani daga benci. "Inji ba mai."

Washegari bayan coci, Mama tana tuƙa kuku, masara da kuɓewa suna tsalle a tukunya, Kawu yana zaune a bakin ƙofar kicin.

"Ba bakinsu ne ya dame ni ba," ya ce. "Grantley ya yi ta surutu har haƙoransa na roba su zubo. Ƙamshin ne. Iska tana juyowa sai in ji shi a bayan wuyana. Ina kallon mai bugu, amma wallahi murfin nake gani."

"To ka daina wasan mana."

"Saboda benci? In bar kurket saboda tsofaffi a kan benci?"

"To ka sha ka mutu, in huta da wanki."

"Ke ma kin san ban taɓa shan murfi ɗaya ba a rayuwata. Murfi ɗaya na wasu ne. Nawa kullum yana zuwa da 'yan'uwansa."

Cikin satin ya je shagon kayan gini na Carlisle ya roƙe shi ya mayar da shi ɗaya gefen iyakar, wajen gonar rake, inda ba inuwa ba benci. Carlisle ya yi ƙorafi, ya ce ba a taɓa yi ba, amma ya yarda.

Asabar ta zo. Kawu ya gama jifansa na farko ya nufi gefen rake. Tsofaffi suka bi shi da kallo. Sannan Mista Grantley ya miƙe, ya ce wani abu, sai ga su sun ɗaga bencin, biyu gaba biyu baya, ɗaya yana biye da jakar takarda a ƙirji kamar jariri. Suka zagaye filin kaf, suna tsayawa suna hutawa, mutane suna tafa musu, har suka dire shi a bayan Kawu cikin tsakiyar rana.

Ba mugunta ba ce, kuma wannan ne ya sa abin ya yi wuya. Sun yarda har zuciyarsu cewa hannun Ottie da giyar tare suke, an raba su ne shi ya sa yake wahala. Mista Grantley ya cire hularsa yana fifita, gumi yana bin kansa.

"Dubi yadda ka sa tsofaffi suka bar inuwa. Mu muka yi ka, Ottie. Ba za mu zuba ido ka lalace ba."

Kawu bai sha ba ran nan ma. Amma da ya dawo gida bai ci abinci ba, ya shige bayan gida ya daɗe yana watsa ruwa.

Wasan da ya biyo baya da kulob ɗin Newfield ne, kuma in akwai abin da Ashby Hill ba ta iya haɗiyewa, to shan kashi ne a hannun Newfield. Ana ta faɗin haka tun Litinin. Da safiyar Asabar ina juya ƙosai a mai, Kawu yana tsaye yana shan mobinsa, sai Carlisle ya shigo kicin ya turo ƙofa. Bai kula da ni ba. Mutane ba su cika kula ba.

"Babban mutum, magana zan yi maka tsakanina da kai."

"Ina ji, Kyaftin."

"Ka san ba ni cikin masu takura maka. Amma yau Newfield ce. Sylvan Maynard yana cikinsu, ka san in ya zauna bugu ba ya tashi. Murfi ɗaya, kafin a fara, don hannun ya saki. Ni zan tsaya a kai, ba za a ƙara maka ba."

Kawu ya ajiye kofin a hankali.

"Ka zo asibiti ka gan ni, Carlisle?"

"Na zo mana."

"Ka ga bokitin da ke gefen gadon?"

"Ottie, ba wannan—"

"Ka gan shi ko ba ka gan shi ba?"

"Na gani."

"To. In ka ci Newfield da wannan, ka sa a rubuta a jikin kofin gasa."

Carlisle ya ce shi dai ya faɗi nasa, kuma halin nan ne ya hana Ottie zuwa ko'ina a duniya. Ya fita ya bar ƙofa a buɗe.

Mu muka fara bugu, muka tara abin da ba yabo ba fallasa. Bayan shayi Newfield ta shigo. Tsofaffi ba su zauna ba tukuna. Suna tsaye riƙe da benci, suna jiran su ga gefen da Kawu zai nufa. Ya yi jifansa shida, ya karɓi hularsa, sai ya cusa ta a aljihu. Bai nufi tsamiya ba, bai nufi rake ba.

Akwai wani wuri a cikin fili, gab da mai bugu, kusa har kana jin numfashinsa, inda ake tsugunawa a jira ƙwallon da zai ɗan tashi daga sanda. 'Yan wasanmu suna ce masa bakin wuta. In mai bugu ya sake hannu, kai ne farkon abin da ƙwallon zai tarar. Sabon shiga ake turawa can, don shi ba ya iya cewa a'a. Kawu ya je ya ciro hular kwano daga kan wanda ke wurin, ya nuna masa tsamiya da haɓa, ya sa hular ya tsuguna.

Filinmu ƙarami ne, muryar Carlisle kuma babba. Kowa ya ji.

"Me kake yi a nan?"

"Ina tsaye."

"Tashi ka tafi iyaka."

"Nan ya yi mini."

"Ottie, mai jifa ba ya tsugunawa a nan! Cinyoyinka za su mutu kafin a sake ba ka ƙwallo. Ni ne kyaftin ko kai?"

"Kai ne. Sa ni ko'ina a cikin filin nan in ban da bakin igiya."

"Ko ka fita iyaka, ko ka fita daga fili."

"To kira 'yan sanda su ɗaga ni. Ka ce su zo da yawa, na fara ƙiba."

Alƙali ya dubi agogonsa. Carlisle ya dubi sauran masu jifansa, ya ga abin da kowa ya gani, wato ba shi da wani. Ya tofar da yawu ya koma wurinsa. Tsofaffi suka ajiye bencin a inda suke, a wani wuri da ba inuwa ba komai, suka zauna suna kallon juna.

Sylvan Maynard, kyaftin ɗin Newfield, mahauci ne, kafaɗunsa kamar ƙofar firiji. Da ya shigo bugu ya dubi Kawu a tsugune kusa da ƙafarsa.

"Kai, Baba, ka ɓata hanya ne? Gidan tsofaffi yana can gaba."

"Na zo in ga sandar da kyau ne. An ce kana da ita, ban taɓa ganin ta taɓa ƙwallo ba."

"Ka yi sallama da 'yar'uwarka?"

"Ta ce in gaya maka naman da ka sayar mata ya girme ni."

Sylvan ya yi dariya har sai da ya ja baya ya sake shiri.

Carlisle bai yi ƙarya ba game da cinyoyin. Duk lokacin da Kawu ya miƙe daga tsuguno zai yi jifa, sai ka ga yana taka ƙasa kamar ba tasa ba. Ya fitar da mutum biyu, ɗaya da kyakkyawan jifa irin na da, wanda ya sa fili ya yi tsit kafin a yi ihu. Amma Sylvan ya zauna, kamar yadda aka ce. Ana cikin haka wani mai jifanmu ya sako masa ƙwallo mai laushi, gajere, Sylvan ya juya ya doke shi da dukan ƙarfinsa.

Ƙarar da na ji daga taga kamar an doki katifa da muciya. Kawu ya kife a gefe, ƙafafunsa suna shure ƙasa. Na kwashi ƙanƙara a tawul na fita da gudu, ban ma san na yi ba.

Mista Grantley ya riga ni. Ban taɓa ganin ya yi sauri haka ba. A wurinmu in ƙwallo ya doki mutum, giya ake shafa masa a wurin, kowa ya sani, har iyaye mata suna yi wa yara. Ya riga ya buɗe kwalbar.

"Ku ɗaga masa riga! Ba sha zai yi ba, shafawa ce kawai, ku ɗaga!"

Kawu ba ya iya numfashi sosai. Da ƙyar ya ɗago kai, maganar tana fita guntu-guntu.

"Mista Grantley. Ka matso da kwalbar nan. Wallahi zan tashi. In sa ka haɗiye ta. Da murfin."

"Magani ne, ɗana."

"Nel," ya ce da ni, "ƙanƙara."

Na durƙusa na danna masa tawul a haƙarƙari, ya cije leɓe. Sylvan ya ajiye sandarsa, ya sa faffaɗan jikinsa tsakanin Kawu da kwalbar, ya ce wa tsohon a hankali ya koma ya zauna. Mista Grantley ya tsaya da kwalba a buɗe, kamar wanda aka kora daga jana'izar ɗan'uwansa.

Aka ce Kawu ya fita ya huta. Ya ƙi. Bai sake iya jifa ba, hannun ba ya ɗaguwa, amma ya koma ya tsuguna a wurin, yana dafe da gefe, har Newfield ta cinye mu. Kuma da sauran lokaci sosai suka cinye.

Haƙarƙari biyu ne suka tsage. Kafin a gama ɗaure shi a asibiti, ƙauye ya riga ya yanke hukunci: da ya sha murfin nan da mun ci. Har matan da ke coci da Mama sun faɗa.

Kwamitin kulob ya zauna ran Laraba da yamma. Mama ta aike ni ɗauko tukwanenmu, kuma bangon da ke tsakanin kicin da ɗakin taro katako ne. Suka ce ya saɓa wa kyaftin a gaban baƙi. Suka ce ba yau ya fara ba, Ingila ma abin da ya koro shi ke nan. Sharaɗinsu biyu: ya ba Carlisle haƙuri, kuma daga yau ya tsaya inda aka sa shi.

"Carlisle, ka yi haƙuri da maganar 'yan sanda," in ji Kawu. "Wannan na farko ke nan. Na biyun, ku hana kwalba a bakin igiya, in tsaya duk inda kuke so."

Ɗakin ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce tsofaffin nan su suka share filin da hannunsu tun yana gonar rake. Wani ya ce ba za a canja al'adar kulob don mutum ɗaya ya kasa riƙe kansa ba.

"Na kasa ɗin," in ji Kawu. "Shi na zo in gaya muku. Na kasa, kuma ba zan mutu don ku ji daɗin Asabar ba. Lokacin da nake zuwa a buge, wa ya taɓa kirana taro?"

Suka dakatar da shi har sai ya yarda.

Bai jira su ba. Ɗaurin bai gama kwancewa ba ya hau bas ya tafi shagon naman Sylvan, ya ce yana neman gurbi a Newfield, a gwada shi kamar kowa. Filinsu a harabar makarantar coci yake, ba a shiga da kwalba. Duk da haka ya ce a bakin wuta zai tsaya, wai ya saba, kuma daga can ana jin gulma. Sylvan ya ce tun da yake kurket ba a taɓa roƙonsa wurin nan ba.

A Ashby Hill ba a taɓa jin ɗan ƙauye ya koma Newfield ba. Mutane suka daina gaishe shi. Wasu suka fasa ba shi fenti. Mama ta ci gaba da yi wa kulob shayi, ta ce ita ba ta da faɗa da cikin kowa, amma ta daina sa wa Carlisle sukari.

Asabar ɗin da zai fara yi musu wasa, na ce zan raka shi. Tashar bas ɗinmu tana daidai gaban shagon Mis Ione. Akwai wata a ƙasan tudu, na ce mu gangara can. Ya ce wannan ce tasharsa tun yana ɗan makaranta.

Maza suna zaune a barandar shagon, Carlisle yana cikinsu da farin kayansa. Domino ya tsaya. Kawu ya ajiye jakarsa, da koriyar hular Newfield a kansa, ya tsaya yana fuskantarsu. Bas ya yi latti.

"Kore bai karɓe ka ba, Ottie!"

"Nawa mahauci ya saye ka? Da kilo ko da ƙashi?"

"Mis Ione, ba shi madara, zai yi tafiya!"

Sai Mista Grantley ya taso, ya sauko matakala da sandarsa, ya tsallako titi. Hannunsa ba komai. Ya tsaya gaban Kawu, idanunsa sun yi ja.

"Me muka yi maka, ɗana? Duk wasanka na gani. Ran da ka tafi Ingila na yi kuka a filin jirgi."

"Na sani, Mista Grantley."

"To me muka yi?"

"Kun so ni. Ku ci gaba da sona daga nesa kaɗan."

Tsohon ya miƙa hannu ya gyara wa Kawu wuyan rigarsa, ya ce hular kam mummuna ce, ya juya ya koma.

Bas ya taho yana hayaƙi. Na shiga na kama mana kujera. Kawu ya sa ƙafa ɗaya a matakala, ya riƙe ƙarfe da hannun da ba ya ciwo, ya leƙa waje.

"Kyaftin! Ƙarshen wata muna zuwa filinku. Kai ke fara bugu, ko?"

Carlisle ya mayar da kansa kan domino.

"Ka sayi hular kwano mai kyau. Wadda kuke da ita na gwada ta, ba ta da kirki."

Direba ya ce ya shigo ko ya sauka. Ya shigo, ya zauna a hankali saboda haƙarƙarin, ya ce in buɗe taga.